Wuƙar 'Yar Goggo

Su uku ne a gidan: Kuku, da matarsa, da 'yarsu guda ɗaya. Kuku shi ke dafa wa ma'aikatan wata masana'antar takalma abincin rana. Shekara goma sha tara yana tsaye a gaban manyan tukwane, har sunansa na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Matarsa, Umma, tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba cewa ita da kicin ba sa shiri, don haka girkin gida ma na Kuku ne. 'Yar kuwa shekararta goma sha ɗaya. Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe, shi ya sa ake ce mata Auta, ko da yake uban ba ya kiranta sai da "uwata".

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da gidan ya rasa shi ne wuƙa ta biyu mai yanka. Akwai guda ɗaya, ta Kuku, wadda yake naɗewa a ƙyalle ya tafi da ita aiki da safe, ya dawo da ita da la'asar. Sauran ukun da ke cikin durowa, Umma kan ce ko ayaba suka gani sai sun nemi taimako. Da ɗaya daga cikinsu Auta ke kankare karas, tana tsaye a hagun babanta, kusa da taga. Wurin nan nata ne tun tana hawa ɗan benci kafin ta kai tsayin tebur. A nan ta koyi yadda ake lanƙwasa yatsu a kan albasa, da dokar Kuku da ba ta da sassauci: duk wanda ya bar wuƙa a jiƙe, sai ya yi wata guda bai taɓa ta ba. Shekara biyu ke nan da ya yi mata alkawari cewa ranar da hannunta ya cika mariƙin wuƙa, zai kai ta kanti ta zaɓi tata. Duk wata sai ta miƙa masa tafin hannu, ya ɗora a kan nasa, ya ce, "Saura kaɗan, uwata."

Ana haka aka kwantar da Goggo, ƙanwar Kuku, a asibiti, za a yi mata aiki a baya. 'Yarta mai shekara goma sha uku ta dawo gidansu da jaka ɗaya. Yarinya ce siririya, mai ƙarancin magana. Kowa na ce mata 'Yar Goggo, ban da Auta, wadda ta laƙaba mata Baƙuwa, ta kuma ƙi dainawa ko bayan an yi mako biyu.

Ran da 'Yar Goggo ta fara shiga kicin, Kuku ya miƙa mata albasa da ɗaya daga cikin dakusassun wuƙaƙen, ya tsayar da ita a damansa. Ba a yi minti ɗaya ba gwiwar hannunsu ta gwaru.

"Au, ashe bahaguwa ce!" in ji Kuku yana dariya. "Uwata, ɗan matsa mata ta dawo nan hagu, in ba haka ba sai mu wuni muna dambe da gwiwa."

"Nan ai wurina ne, Baba."

"Aro za ki ba ta."

Auta ta koma dama, kusa da wurin wanke-wanke, inda babu taga, babu iska. Daga can take kallon Baƙuwa tana danna dakusasshiyar wuƙa da ƙarfi, amma albasar na fita daidai wa daida. Kuku ya daina nasa yankan, ya tsaya yana kallo. Can ya kama hannun yarinyar ya juya shi, ya dubi yatsun ya daɗe, sannan ya ce, "Ranar Asabar za mu kanti. Za a saya miki wuƙa."

Auta ta ajiye karas ɗin da ke hannunta. Shekara biyu tana miƙa hannu ana ce mata saura kaɗan. Wannan kuwa ko mako uku ba ta yi ba.

"Ita an auna nata hannun?" ta tambaya.

"Na auna yanzu," in ji Kuku. "Kankare mana karas ɗin nan."

Ranar Asabar su ukun suka fita. Umma ta leƙo daga ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuya, ta ce, "'Yar Goggo, ki ci ki ƙoshi kafin ku tafi. Kawunki da ya zaɓi mata yadda yake zaɓen wuƙa, da har yau tuzuru ne."

"Ai ke ma sai da na ƙwanƙwasa na ji ƙarar," in ji Kuku.

Kantin kayan girki dogo ne, tukwane jere har rufi, sai ƙyalli ko'ina. Mai kantin na hango su ya dafe kai.

"Kuku! Yau ma da kayan miyarka ka zo?"

Kuku ya zura hannu a aljihu ya fito da tumatir biyu da albasa ɗaya, ya jera su a kan gilashin kanta.

"Na faɗa! Kowa da kuɗi yake shigowa kantina, kai da cefane."

Mai kanti ya fito da wuƙaƙe wajen goma. Masu zane a jiki da masu zuwa cikin akwati, Kuku ya tura su gefe ba tare da ya ɗaga su ba. Ya ɗauki wata baƙa-baƙa marar kyan gani, ya juyo bayan mariƙin ya nuna wa 'Yar Goggo.

"Kin ga ƙarfen nan da ya ratsa cikin katako har ƙarshe? Shi za ki fara dubawa. In ya tsaya a rabin hanya, wata rana ruwan wuƙar zai tafi ya bar ki da mariƙi a hannu. Ga ƙusa uku, shafa ki ji. In kansu ya taso, zai ci miki tafi. To, riƙe."

Ta riƙe. Ya sa ta ɗora wuƙar a kan yatsa ɗaya, daidai inda ƙarfe ya haɗu da katako, su ga ko za ta rinjaya gaba ko baya. Ta rinjaya gaba, ya ce a ajiye. Wata kuma mariƙinta an fafe shi don na-dama, ya ce wannan ba ta bahago ba ce. Haka aka yi ta yi har guda shida. A ta bakwai ya tura mata tumatir.

"Kar ki danna. Ja kawai."

Ta ja, tumatir ya rabu biyu, ko ɗigon ruwa bai fita ba. 'Yar Goggo ta yi murmushi, irin wanda Auta ba ta taɓa gani a fuskarta ba.

"Wannan ƙarfen yana riƙe kaifi," in ji Kuku, "amma ba ya son ruwa. Kina gamawa ki wanke, ki goge, ki rataye."

"To, Kawu."

Auta na tsaye a bayansu, babu wanda ya waiwayo. Duk bayanin nan ta san shi, da shi aka raine ta, amma yau wata ake yi wa shi. Ba a nan aka tsaya ba. Kuku ya ce a sauko da ƙananan tukwane. Kowacce sai ya ɗora ta a kan gilashi ya danna gefe ya ga ko za ta yi rawa, ya ƙwanƙwasa gindinta da bayan yatsa ya kasa kunne. Mai ƙara kamar gwangwani ya ce ita ke ƙona shinkafa a ƙasa ta bar ta ɗanya a sama. Ya zaɓi wata mai nauyi, wadda murfinta ke zama daram, ya sa 'Yar Goggo ta ɗaga ta da hannu ɗaya ya ga ko za ta iya. Tukunyar ta yi wa gidansu kaɗan, don haka Auta ta san ko ta wace ce.

"Ni fa?" Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, har mai kanti ya ɗago kai.

Kuku ya dube ta. "Uwata, ke ai saura..."

"Kullum saura kaɗan! Ita har da tukunya!"

Kuku ya laluba cikin tarin wuƙaƙen ya fito da wata 'yar ƙarama, ya miƙo mata. "To, gwada wannan."

Auta ta dubi ƙaramar, ta dubi ta hannun Baƙuwa. Ko rabinta ba ta kai ba. Ta mayar da hannayenta baya. A can gefe, cikin waɗanda aka ture, akwai wata babba mai jan mariƙi na roba, tana sheƙi har kana ganin fuskarka a jiki.

"Waccan nake so."

"Ɗauki ki ji nauyinta."

"Na ji."

"Ga tumatir ya saura ɗaya, ki gwada."

"Ba sai na gwada ba. Ka ce ni zan zaɓa."

"Haka na ce," in ji Kuku. Mai kanti ya buɗe baki zai yi magana, Kuku ya girgiza masa kai. Aka naɗe mata jar wuƙa, ta rungume ta har gida, tana satar kallon ƙunshin Baƙuwa tana jin daɗin cewa nata ya fi tsawo.

Daɗin bai wuce kwana ɗaya ba. Jar wuƙa ta yi mata nauyi, kafin ta gama albasa biyu wuyan hannunta ya fara ciwo. A kan tumatir sai ta zame, in ta danna kuma ya fashe. Kwana biyar da sayenta mariƙin ya fara motsi. Auta ba ta faɗa wa kowa ba, ta dinga juya baya tana kare katakon yankanta da jiki. Daga wajen taga kuwa sai ƙarar wuƙa biyu take ji suna tafiya tare, tak-tak-tak, da muryar babanta yana cewa, "Yawwa! Haka. Kai, hannun nan na girki ne."

Ita bai taɓa ce mata hannunta na girki ba ne. Ta bincika ranta sosai, ba ta tuna ba.

Wata ranar Talata da safe, Kuku ya tafi aiki, Umma ta tafi shago, 'Yar Goggo ta riga ta fita don makarantarsu ta fi nisa. Auta ta shiga kicin ɗaukar gorar ruwanta. Wuƙar Baƙuwa na rataye a ƙusa kusa da taga, a goge tas. Ta tsaya tana kallonta. Sai ta sauko da ita, ta yanka lemon tsami ta matse a kan ruwan wuƙar ciki da baya, ta kwantar da ita a gindin kwanon wanke-wanke, ta yayyafa mata ruwa, ta jefar da ɓawon a kwandon shara na waje. A aji ranar, sau biyu malama na kiranta ba ta ji ba.

Da la'asar Kuku ya ɗago wuƙar daga kwano. Tsatsa ta yi mata ja-ja-ja tun daga tsini har gindi. Ya kira yaran biyu.

"Ta wace ce wannan?"

"Tawa ce, Kawu."

"A ina kika bar ta?"

'Yar Goggo ta dubi ƙusar da ke jikin bango, ta buɗe baki. Sannan ta dubi Auta, kallo ɗaya, ta sunkuyar da kai.

"Ka yi haƙuri, Kawu."

"Kin san doka?"

"Na sani."

Ya naɗe wuƙar a tsumma ya ɗora a saman kabad. 'Yar Goggo ta koma wanke-wanke, Auta ta dawo wurinta kusa da taga.

Ta samu abin da take so. Ga iska, ga haske, ga kafaɗar babanta a gefe. Amma Kuku bai yi hira ba, bai yi 'yar waƙar da yake yi in mai ya yi zafi ba. Yanzu kuma babu inda za ta ɓoye katakonta, yana ganin yadda jar wuƙa ke murƙushe tumatir. A bayansu kwanoni na ta ƙara a hankali. Ko a wurin wankin ma Baƙuwa ba ta da abin kushewa, har gindin tukunya take bi da soso. Wannan ma ya ba Auta haushi. Da ta yi kuka, ko ta yi rantsuwa, ko ta kai ƙara wurin Umma, da abin ya fi sauƙi.

Umma ce ta kasa haƙuri a kwana na biyu. "Wai mutuwa aka yi a kicin ɗin nan ba a faɗa mini ba? Baban Auta, ko miyar ma ta san ana fushi, gishiri bai ji ba."

"Gishiri na nan a tebur," in ji Kuku.

A kwana na uku da yamma, Umma ta tafi da 'Yar Goggo asibiti dubiya. Kuku ya sauko da ƙunshin daga saman kabad, ya fita tsakar gida da dutsen wasa wuƙa da toka a murfin gwangwani.

"Uwata, zo ki zuba mini ruwa."

Ta tsuguna a gabansa da kofi. Ya warware tsumman, ya juya wuƙar a hasken rana.

"Ruwa kaɗai ba ya yin wannan a wuni ɗaya," ya ce, kamar da wuƙar yake magana. "Ruwa ɗigo-ɗigo yake bari. Wannan da ya bi ta ko'ina aikin tsami ne. Kuma a gidan nan mutum ɗaya na taɓa koya wa abin da tsami ke yi wa irin wannan ƙarfe. Ba Ummanki ba ce, don ita ko na faɗa ba ta ji."

Auta ta ajiye kofin a ƙasa.

"To me ya sa ka karɓe mata, tunda ka sani?"

"Ina jiran mai shi ta yi magana. Kwana uku ke nan."

Sai kuka ya ƙwace mata, maganar na fita a guntule. "Ni ce. Ni ce na yi. Amma kai ma... shekara biyu kana ce mini saura kaɗan. Ita daga zuwa ka ba ta wurina, ka saya mata wuƙa, ka saya mata tukunya, ka ce hannunta na girki ne. Ni ba ka taɓa cewa ba!"

Kuku ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa, ya ce, "Kin taɓa duba yatsunta?"

Ta girgiza kai.

"Ki duba in ta dawo. Tabo biyar na ƙirga a hannun dama, wanda take riƙe albasa da shi. Tun tana shekara tara take girki ita kaɗai, ranakun da bayan Goggonki ya hana ta tashi, da wuƙar da ba ta yanka sai an danne ta. Dakusasshiyar wuƙa ita ke zamewa ta sami yatsa. Ni ɗan'uwan uwarta ne, ina dafa wa mutum ɗari biyu kullum, ban sani ba sai ran nan." Ya ajiye wuƙar a kan dutsen. "Nan da mako uku za a sallami Goggo. Za ta yi watanni a kwance. Yarinyar nan za ta koma ta tsaya a kicin babu kowa a gefenta. Abin da zan iya koya mata kafin nan, shi nake ta cusa mata."

"Ni kuma fa?"

"Ke ina za ki? Ke ai ina ganin hannunki kullum. In ya karkace na gyara, in ya gaji na karɓa. Gaggawar me zan yi da ke?"

Auta ta share hanci da bayan hannu. Kishin bai tafi duka ba, tana jin sauransa a ƙirji. Ta ce a hankali, "Amma duk da haka wuƙarta ta fi tawa."

"Ta fi ta nesa ba kusa ba," in ji Kuku. "Ke kika zaɓa, ba ki gwada ba. Za mu riƙa fasa kabewa da ita har mariƙin ya fita, daga nan mu ga yadda hannunki ya kai." Ya tura mata murfin tokar da wani guntun tsumma. "Ungo. Wanda ya sa tsatsa shi ke cire ta. Ki bi tsawonta, kaifin yana kallon waje."

Ta daɗe tana gogewa, har yatsunta suka yi baƙi. Jan ya fita, amma wani dishi-dishi ya zauna a tsakiyar ƙarfen, ya ƙi tafiya. Kuku ya ce wannan ya zauna ke nan, ba zai hana ta yanka ba. Ya wasa ta a dutse, ya miƙa wa Auta ta mariƙi.

Da su Umma suka dawo, Auta ta tarar da 'Yar Goggo a kicin tana shirin tara kwanoni. Ta miƙa mata wuƙar, ta kasa haɗa ido da ita.

"Ni na sa mata lemon tsami."

"Na sani. Na ji ƙanshinsa a kwanon."

"To me ya hana ki faɗa?"

'Yar Goggo ta ɗaga kafaɗa. "Gidanku ne."

Ta sa hannu ta karɓa, sai Auta ta ga yatsun. Ga su nan, farare-farare, ɗaya ma ya ratsa har gefen farce. Ta dubi nata hannun, babu ko ƙwarzane.

"Yaya," ta ce, kalmar ta yi mata nauyi a baki, "koma wajen tagar. Kya dame mu da gwiwa a nan."

A ranar Auta ta gane cewa an yi gaggawar saya wa 'Yar Goggo wuƙa mai kyau ne don ba ta da mai tsayawa kusa da ita, ita kuwa an bar ta tana jira ne don babanta yana nan.